Mutumin Dutse na Ula

Haladu direban bas ne. Kamfanin da yake yi wa aiki a Madina yana kai baƙi ziyara, yau Badar, gobe Khaibar, wani makon Ula ko Tabuka. Rabin irin wannan aiki tuƙi ne, rabinsa jira. Idan ya sauke mutane suka bi jagoransu, sai ya rage daga shi sai motar da 'yar inuwar da ya samu. A nan sauran direbobi suke dafa shayi, wasu su duƙufa a kan waya, wasu su miƙe a kujerar baya. Shi kuwa sai ya jawo wani tsohon gwangwanin alawa daga ƙarƙashin kujerarsa, ya ɗauko katakon da yake maƙala wa takarda, ya nemi dutse ya zauna.

A cikin gwangwanin akwai allin zane mai laushi, wanda masu shagon kayan rubutu suke kira bastil. Da ka ɗora shi a kan takarda yake sakin gari, ka murza da yatsa wannan launi ya shige cikin wancan. Tun 'yarsa Sumaya tana ƙaramar makaranta ya saya mata kwali ɗaya saboda darasin zane. Ta yi wasa da shi na ɗan lokaci ta watsar. Shi ya tsince gutsattsarin daga ƙasan tabarma don kada a taka, kuma a ranar ya gwada zana Dutsen Uhudu da yake gani ta tagar ɗakinsu. Yanzu Sumaya ta zama budurwa, tana aiki a wani gidan gahawa a unguwar Jurf, shi kuma bai daina ba. Ya zuba ɗanyar shinkafa a cikin gwangwanin domin ta riƙa goge allin, kada ja ya ɓata fari.

Mutumin Maiwurno ne, garin Hausawa da ke bakin kogi a Sudan. Tun yana saurayi ya zo Madina, ya yi dako, ya yi wankin mota, har ya samu lasin da iƙama, takardar izinin zama, ta direba. Abin da ya fara ba shi mamaki a hanyoyin Hijaz shi ne itatuwan. Ya zaci zai tarar da baƙin abubuwa, sai ya ga tumfafiya a bakin titi, ga magarya, ga bagaruwa, a Khaibar kuma ga goruba tsaye a gefen gonakin dabino, bayanta baƙaƙen duwatsun nan da suka yi kama da gawayi. Su ya fi zanawa. Ya zana jajayen duwatsun Ula, ya zana tsohon garin Khaibar da ya rushe a kan tudu, ya zana filasko da furensa rawaya a wani kwari kusa da Badar. Amma bai taɓa zana abu mai rai ba. Ba wanda ya zauna ya hana shi. Da wannan ya tashi. Idan raƙumi yana kwance a gindin itacen da yake zanawa, sai ya zana itacen da inuwarsa ya bar wurin raƙumin fili.

Yayansa Balarabe ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Manomi ne, yana da gona a bakin ruwa da ɗan injin ban-ruwa da kwalekwale. Dogon mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu, kuma ba ya son hoto. Idan Haladu ya kira shi ta waya mai nuna fuska, sai ya juya wayar ga gona ya ce, “Ga albasa nan, duba ta. Ni ai ka san ni.” Hoton da ya rage nasa shi ne na fasfo, wanda aka ɗauka shekarar da ya zo Hajji ya sauka a gidansu, kuma a cikinsa ya ƙame kamar wanda ake tuhuma, bai yi kama da kansa ba.

Da yaƙi ya matso yankinsu, Balarabe ya ƙi tashi har sai da maƙwabta suka watse. Daga baya ya kwashi matarsa Mariam da yara suka bi jama'a a ƙafa, suka nufi gabas. Yana da ciwon suga, maganinsa ya ƙare a hanya. Mariam ce ta kira da wayar wani, muryarta tana yankewa, ta ce Yaya ya cika, waɗanda suke tafiya tare sun yi masa sutura sun rufe shi. Haladu ya karɓi gaisuwa a gidansa na unguwar Uhudu. Mutanen Sudan da na Chadi da na Nijar suka yi ta shigowa, aka sha gahawa da dabino, aka yi addu'a. Bai yi kuka ba. Da aka tashi zaman makoki ya koma aiki.

A cikin sanyin wannan shekarar aka ba shi baƙi ya kai Ula. Ya sauke su a gaban wani ɗakin nunin kayan tarihi, ya ja motar gefe. Yana share tsakanin kujeru ya ga wata dattijuwa ta manta jakar maganinta. Ya ɗauka ya bi su ciki. Shekaru yana zuwa garin nan bai taɓa shiga irin wuraren ba. A zamanin da ya fara tuƙi ma mutane da yawa ba sa son tsayawa a wannan yanki, wucewa suke yi da sauri, don an ce wurin wata al'umma ce da Allah Ya halaka a zamanin da.

Ya ba matar jakarta, ya juya zai fita, sai ya yi ido biyu da shi. Mutum-mutumi ne na jan dutse, ya fi mutum tsawo, an tsayar da shi shi kaɗai ana haska shi da fitila. Ba riga a jikinsa sai zane ɗaure a ƙugu. Hannayensa a miƙe suke a gefe, a dunƙule. Ƙafar hagu ta ɗan shige gaba. Fuskar kuwa iska da yashi sun cinye ta, hancin ya karye, idanun sun zama ramuka marasa zurfi. Jagoran yana gaya wa baƙi cewa mutanen da suka zauna a kwarin nan tun kafin Annabi Isa ne suka sassaƙa shi suka ajiye a ɗakin bautarsu.

Haladu ya yi a'uziyya a zuciyarsa ya kau da kai. Amma bai fita nan take ba. Ya sake duban kafaɗun, da yadda wuyan ya zauna a kansu, da wannan ƙafa da ta shige gaba kamar mai shirin taka bakin kwalekwale.

Ya koma mota ya ɗauko gwangwaninsa. Niyyarsa ya zana dutsen da ke gabansa, wanda rana ta fara bugawa ta gefe. Ya zaɓi takarda ruwan toka, ya ɗauki alli mai launin makuba. Layin farko da ya ja bai zama dutse ba, kafaɗa ya zama. Ya san abin da yake yi, kuma bai tsaya ba. Ya fitar da ƙirjin da ruwan goro, ya sa inuwa a ƙarƙashin haƙarƙari, ya murza da babban yatsa. Da ya iso fuska, mutum-mutumin bai ba shi abin da zai kwaikwaya ba, sai yatsunsa suka cike gurbin da abin da suka sani. Har baƙin suka fito bai ɗaga kai ba, sai da jagoran ya buga masa gilashi.

A gida matarsa Tasallah ce take kula da zanen. Duk lokacin da ya dawo daga tafiya, ita take buɗe katakon, ta duba abin da ya zo da shi, ta sa siririyar takarda a tsakani don kada garin ya gogu, ta jera a akwati. Mace ce mai natsuwa, tana koya wa matan unguwa karatu da hantsi a falonta. Washegari da safe, yana shan shayi, ta buɗe katakon kamar yadda ta saba. Ta daɗe tana kallo.

“Baban Sumaya, wannan fa?”

“Wani gunki ne na gani a Ula,” ya ce, bai dube ta ba. “Na dutse. Ban san abin da ya kai ni ba.”

Ta matsa da takardar kusa da taga. “Jikin dai ban sani ba. Amma wannan fuskar Yaya Balarabe ce.”

Ya ajiye kofin ya taso. A Ula ya ga kamar akwai kama, ya ture tunanin. Yanzu da ta faɗa, ba sauran musu. Ga goshin nan mai tudu, ga idon hagu da yake ɗan runtsewa idan yana sauraron magana, ga leɓen ƙasa da yake turowa kafin ya ce a'a. Ba Balaraben fasfo ba ne. Balarabe ne da safe a bakin ruwa, ya tuɓe riga, yana duban ko kogin ya ƙaru.

“Astagfirullah,” in ji Haladu a hankali.

Sumaya ta fito da abayarta a hannu, za ta tafi aiki. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, sai dai ta tsoma kalma ɗaya ko biyu idan tana son ta lallashi iyayenta. Ta leƙa ta kafaɗar uwarta, ta ce wannan ya fi duk abin da ya taɓa zanawa. Ta ce mai gidan gahawarsu yana rataye aikin masu zane a bango, kuma ta daɗe tana son ta kai nasa.

“Wannan ba na bango ba ne,” in ji shi.

Ta ce ai turasi ne, tarihi, ba wanda yake bauta wa dutse yanzu, gwamnati ma da kanta take nuna su. Ta ƙara da Hausa, “Baba, don Allah, kar ka ɓata shi.”

Tasallah ta dawo da zanen daga bakin taga. Ta ɗora siririyar takarda a kai, ta miƙa masa. “Ba zan sa shi a akwati da sauran ba,” ta ce. “Kai ka san inda za ka ajiye.”

A saman benen da suke haya akwai wani ɗan ɗaki kusa da tankin ruwa, inda suke tara tsofaffin barguna da fankar da ta lalace. Can ya kai shi, ya jingina a bango, fuskar tana kallon bangon. Ya ce wa kansa zuwa Juma'a zai san yadda zai yi da shi.

Juma'a ta zo ta wuce. Ranar da ba shi da tafiya, idan ya dawo daga la'asar, sai ya ce zai hau ya duba tanki. Ya juyo da takardar, ya zauna a kan barguna. Da farko kallo kawai yake yi. Yana ganin kurakuran: hannun dama ya fi na hagu tsawo, inuwar wuya ta yi yawa. Amma fuskar ba abin gyarawa. Sannu a hankali ya fara yi wa yayansa magana. Ya gaya masa Mariam da yara sun isa Gadarif, an ba su aji ɗaya a wata makaranta su da wasu iyalai. Ya gaya masa an ce sojoji ko wasu masu bindiga, ba a tabbatar ba, sun kwance injin ban-ruwan sun tafi da shi. Yana saukowa sai ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi, ya ci abinci da kyau. Tasallah tana ganin garin makuba a yatsunsa.

Wata rana babban ɗan Balarabe ya aiko da saƙon murya, ya ce yana son ya bi masu haƙar zinariya zuwa arewa, uwarsa ta hana, yana son Baffa ya sa baki. Haladu ya saurara har ƙarshe. Ya hau sama, ya juyo da takardar, ya zauna.

“Yaya, yaron nan yana son tafiya,” ya ce. “In bar shi ko in hana? Ka nuna mini.”

Ya yi shiru yana jira. Sai da ya ji kansa yana jiran ne jikinsa ya yi sanyi. Ya dubi abin da ke gabansa: jikin da wasu mutane suka sassaƙa don ɗakin bautarsu, da fuskar ɗan'uwansa a kai, shi kuma zaune a ƙasa, hannayensa a kan gwiwa, yana neman a nuna masa hanya. Ya tashi, ya mayar da fuskar bango, ya sauka bai rufe ƙofar ba.

Bai shiga gida ba. Ya bi titi har filin masu ziyara a gindin Uhudu, inda rumfuna suke jere, ana sayar da dabino da tasbaha da ganyen na'ana'a. A nan abokinsa Issoufou yake da rumfa. Mutumin Damagaram ne, ya yi shekaru yana zama a halƙoƙin karatu na Harami kafin iyali su yi yawa ya koma kasuwa. Ya ga fuskar Haladu, ya ture kwandon ajwa gefe ya ba shi kujera.

Haladu ya faɗa masa komai, har da tambayar da ya yi.

Issoufou ya ɗan jima yana gyara bakin buhu. “Maganar zane, ka san malamai sun yi ta, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a kan abin da ba shi da inuwa, wato na kan takarda, ba sassaƙa ba. Da yawa sun ce sura kai ce, in aka kawar da kai ta zama kamar itace. Wannan duk ka sani. Amma ka tuna yadda aka ce bautar gumaka ta faro a mutanen Annabi Nuhu?”

“Na tuna. Tun muna makarantar allo.”

“Mutanen kirki ne suka mutu, 'yan'uwansu suka ji kewarsu, suka yi surarsu suka ajiye a inda suke zama, don su riƙa tunawa. Waɗanda suka yi surar ba su bauta mata ba. Sai da suka shuɗe, jikoki suka taso.”

“Kullum in aka ba da labarin nan,” in ji Haladu, “ina ɗaukarsu wawaye. Ina cewa yaya mutum da hankalinsa zai yi haka. Ni ko jikoki ban jira ba, Malam.”

“Kai dai ka ji kanka, ka tashi,” in ji Issoufou. Wata mata ta tsaya tana tambayar kuɗin dabinon safawi, ya sallame ta da Larabci ya dawo. “Ni ba zan ce maka ka yi kaza ba. Amma wanda ya sassaƙa dutsen nan na Ula, ina jin shi ma akwai wanda yake gani in ya rufe ido. Allah Ya jiƙan Balarabe. Shi yanzu addu'arka yake bukata, ba shawara zai ba ka ba. Maganar yaron kuwa, kai ne babba yanzu.”

Haladu ya zauna har aka kira magariba, suka tafi masallaci tare.

Da safe ya ce wa Tasallah ta hau sama da shi. Sumaya ta biyo su ba a kira ta ba. Ya fito da takardar fili, ya shimfiɗa ta a kan murfin tanki. Hasken safiya ya sa launin ya fi yadda yake a ɗaki. Dutsen Uhudu a bayansu, kusan launinsa ɗaya da zanen.

“Bari in ƙara ganinsa,” in ji Tasallah. Ta sunkuya. “Shekarar da ya zo Hajji, haka yake tsayawa a ƙofar kicin ya ce mini, ‘Amarya, shayinku na nan ba ya da ƙarfi.’ Ina da ciki wata takwas yana ce mini amarya.” Ta yi murmushi, ta share ido da bakin mayafi, ta ja baya.

Sumaya ta ce, da Larabci, tana da abin faɗa. Ta ce tun kwanaki ta hau ta ɗauki hotonsa a waya. In yana so ta goge.

Haladu ya yi tunani. “Wayarki ce,” ya ce. “Amma kar ki turo mini, kuma kar ki nuna mini ko na roƙe ki.”

Ta ce, “Tayyib, Baba.”

Bai taɓa fesa wa zanen maganin da ke kama gari ba, don haka ba a bukatar ƙarfi. Ya yi bismillah, ya ɗora gefen tafin hannunsa a kan goshin, ya ja zuwa ƙasa. Ya sake ja. Ido da hanci da baki suka narke suka zama jan hazo a saman kafaɗu. Abin da ya rage ya koma kamar dutsen da ya gani a Ula, har ya fi shi rashin fuska.

Ya juya hannunsa yana duban garin da ya manne a tafin. Tasallah ta buɗe famfon da ke gindin tanki ta ce ya wanke. Ya durƙusa, ya miƙa hannun, amma bai sa shi a ruwan ba. A nan kukan ya zo masa, wanda bai zo ba ranar da Mariam ta kira, bai zo ba a zaman makoki. Kuka ne na dattijo, ba sauti sosai, sai kafaɗu da ke girgiza. Ruwa yana ta zuba a siminti. Sumaya ta rufe famfon, ta tsuguna kusa da shi, ta riƙe masa hannun riga. Suka jira har ya gama. Sannan ya buɗe famfon da kansa ya wanke.

Tasallah ta ɗauki takardar, ta sa mata siririyar takarda, ta sauka da ita ta sa a ƙasan akwati.

A ranar ya kira yaron ya ce masa ba zai tafi haƙar zinariya ba, ya zauna da uwarsa, za a nema masa abin yi a Gadarif. Yaron bai ji daɗi ba, amma ya ce to. Daga nan Haladu ya ce a ba shi Mariam.

Tun rasuwar, maganarsu ba ta wuce gaisuwa da abin da za a aika. Bai taɓa tambayarta yadda abin ya faru ba, ita ma ba ta fara ba.

“Yaya Mariam,” ya ce, “inda aka rufe shi, za ki gane wurin?”

“Ina ganinsa kullum,” ta ce. “Amma ban san sunan wurin ba. Ba gari ba ne. Mun bar wani ƙauye da safe, ba mu kai na gaba ba.”

“Akwai itace?”

“Akwai aduwa. Babba, ita kaɗai. A gindinta muka kwantar da shi tun yana numfashi, don inuwa.”

“Yaya take? Miƙe take ko ta karkata?”

“Me za ka yi da wannan, Haladu?”

“Ina so in gani.”

Sai ta fara. Ta ce aduwar ta rabu biyu tun daga ƙasa, reshe ɗaya an sare shi tuntuni, wurin saran ya yi baƙi. Ta ce damina ce, ƙasar baƙar laka mai kama takalmi, ciyawa ta kai gwiwa. Akwai wani kwari a kusa da ruwa ya fara bi, a nan maza suka ɗebo ruwan wanka. Can nesa akwai dutse guda, ba babba ba, kansa a baje kamar an yanke. Ta faɗi wanda ya ba da farin mayafinsa aka yi likkafani, wani mutumin Sinja da ba su taɓa sani ba. Ta faɗi abin da Balarabe ya ce a ƙarshe, cewa a ba yara ruwa tukuna. Ta yi ta magana, tana kuka tana ci gaba, shi kuma yana saurare, yana tambaya: rana ta ina take, dutsen yana hannun dama ko hagu in an fuskanci alƙibla, duwatsun da aka jera a kan kabarin farare ne ko baƙaƙe.

Tafiyar da ta biyo baya ta Khaibar ce. Da ya sauke baƙi, ya zauna a inuwar motar, ya ɗauki takarda mai duhu. Abin da ke gabansa dabino ne da baƙin dutse, amma ba su ya zana ba. Ya shimfiɗa laka da baƙi da ɗan shuɗi, ya tayar da ciyawa da kore iri uku, ya tsayar da aduwar da rassanta masu saukowa da ƙayoyinta. A gindinta ya sa ɗan tudu da duwatsu jere. Ya ja kwarin a gabanta, ya sa dutsen mai bajajjen kai a bayanta. Bai taɓa zana wurin da bai gani da idonsa ba, kuma aikin ya ba shi wuya. Ya goge sama ya sake har takardar ta fara ƙin karɓar gari.

Da ya dawo gida Sumaya ta ɗauki hoton zanen da kyau a hasken taga, ta tura wa yaron. Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Mariam ce.

“Na gani,” ta ce. “Ita ce. Amma dutsen ka matso da shi da yawa, ya fi haka nisa, kuma ya fi komawa hagu. Sannan kwarin ba a gaban itacen yake ba, ta bayansa ya bi.”

“To. Sai me?”

“Reshen da aka sare ya fi haka ƙasa. Yaro ma zai iya zama a kai, ƙaramar 'yarmu ta zauna a kai ranar.” Ta ja numfashi. “In ka gyara ka turo wa yaran duka. In hanya ta buɗe, ko ba ni, su je su nema.”

“In sha Allahu.”

Ya ce kar ta kashe wayar. Ya miƙa wa Tasallah ta riƙe masa kusa da kunne, ya ɗora katakon a gwiwa, ya sa yatsa ya shafe dutsen. Ya tona cikin shinkafa ya ciro guntun alli ruwan toka.

“Ina ji, Yaya Mariam,” ya ce. “Hagu kamar yaya? Daga itacen, ko daga inda kike tsaye?”

“Daga inda nake tsaye,” ta ce. “Ta wajen kansa nake.”